Ruwan da Barmo Ya Sha

Barmo mai yashe kwata maƙwabcina ne a Konni, katanga ɗaya ta raba mu. Bayan farin shekarar tamanin da huɗu, da gonarsa ta Tajaye ta ƙi, ya shigo gari aka ba shi shebur da baro. Kwatar da aka damƙa masa ita ce wadda ta taso daga kasuwa, ta ratsa mahauta da majema, ta faɗa rafin Magiya.

To, mutanen garinmu da halinsu! Hadari na haɗowa, kowa ya yi maza ya fasa ramin ruwan wankansa, mai cikakkiyar salga ya kwashe ya tula a lungu, mahauta su turo jini da kashin tumbi. Ruwa ya sauko ya share, unguwa ta yi tas. In ka yi magana a ce maka ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta. Ina yake kai ta? Oho.

Barmo ya san inda yake kai ta. Ɗiyarsa Barira na aure a wani ƙauye ƙasan gari, kuma da damina daga rafin nan suke ɗiba. Tana da ƙaramar ɗiya, A'i, wadda Barmo ke kira amaryarsa.

Shi ya sa ya samu wani fako a bakin gari ya gina ramuka, ya karkato kwatar cikinsu, ya dasa ciyawar kacala. Ruwa ya kwanta, dauɗa ta zauna ƙasa, abin da ya wuce rafi ya fita da dama-dama. Kowane rani sai ya yashe su shi kaɗai, har bayansa ya tanƙware. Yara suka sa masa Sarkin Kwata.

Na taɓa ce masa, "Barmo, wai wa ya aike ka?"

Ya ce, "Malam, amaryata ka shan ruwanga."

Ana nan sai filin ya koma hannun Alhaji Alkasum mai manyan motoci, ya sa aka cike ramukan da marmara don ajiye tireloli. Barmo ya yi ta zarya buro, ofishin hukuma, har takalminsa ya cinye. Kullum a dawo gobe. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ruwan farko ya sauko da la'asar. Na same shi tsaye bakin filin, shebur a hannu, yana kallon baƙin ruwa na wucewa rafi kai tsaye.

Ba a jima ba amai da gudawa suka shiga ƙauyen. A'i ta cika a kan amalanke, ba a kai asibiti ba.

Na raka shi gaisuwa. Muna zama Barira ta fito, ido jawur, ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar ruwa kamar yadda ake yi wa baƙo. Daga inda nake ina jin warin jima a cikinsa. Barmo ya daɗe yana duban ƙwaryar.

Barira ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi ke gare mu, Baba."

Ya yi bisimilla, ya kafa kai, ya shanye duka.