Fuskar Arzika

Har yau ban manta da ranar da na tarar da farin fenti a kan fuskar Arzika ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka shigo aikin zane kwanan nan kuna kukan editoci, ku gyara zama ku ji irin namu.

A shekarar da aka samu mulkin kai, ina mai zane na biyu a ofishin da ke buga littattafan makaranta. Yadda ake aikin a lokacin shi ne, ka zana da fensir, ka bi da alƙalami da baƙar tawada a kan farin kwali, sannan edita ya duba ya sa hannu. Daga nan a kai wa masu fitar da hoton a kan ƙarfe don injin bugu. Da zarar ya hau ƙarfe magana ta ƙare, ba gyara.

Editanmu shi ne Malam Lawal, amma a bayan idonsa Na-Ingila muke ce masa. Kwas ɗin wata shida ya je ya yi, ya dawo da lofe da kwat da wani tari na ƙarya. Ko ruwa zai sha sai ya gaya maka yadda ake shan sa a Ingila. Wallahi mutumin nan ko kaza bai iya zanawa ba, amma shi aka ɗora a kanmu da Baturen da ke riƙe da ofishin ya tafi.

Shi ya kira ni ya ce za a yi wa 'yan firamare littafi a kan sojojinmu da suka je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, in tafi ƙasar Bagudo in zano tsofaffin sojoji da kayansu. Aka ba ni takarda zuwa ga hakimi. Na hau mota zuwa Birnin Kebbi, daga can zuwa Bagudo, na tsallake kogin Kwara a kwalekwale, na sauka a wani ƙauye da gonakinsa suka haɗe da na mutanen Dahomi.

Tsofaffin sojojin sun fito mini da hulunansu da bel da lambobinsu, na yi ta zane. Amma duk wanda na zaunar sai ya ce, "Ba ni ya kamata ka zana ba, Arzika za ka zana." Wani tsohon saje mai suna Manu ya ba ni labarin. Arzika ya goyo mutum biyu masu rauni ya tsallakar da su wani kogi ana harbi, ya koma ɗauko na uku, bai dawo ba. Saje Manu na ɗaya daga cikin biyun. Na ce ina hotonsa? Ya ce babu, ko ɗaya. Sai dai uwarsa tana raye.

Inna Kulu tana sussukar gero muka same ta. Da Saje ya yi mata bayani, sai ta aje taɓarya ta ƙare mini kallo.

"Kai ba ka san shi ba. Ƙaƙa za ka yi ka zana shi?"

Na ce, "Inna, ke za ki faɗa, ni hannu kawai ne."

Ta aika can ɓangaren Dahomi aka kira ƙanen Arzika, Nomau, wanda ke noma a wajen dangin matarsa, don ta ce goshinsu da hancinsu ɗaya. Mutumin ya bar aikinsa ana tsakiyar girbi ya zo ya zauna mini a kan turmi kwana uku. Ita kuwa tana tsaye a kaina. "Rage kumatun. Wanga bakin Nomau na, na Arzika ya hi shi faɗi. Kunnen bai kai haka ba." Na goge na sake har takarda ta fara laushi.

Da muka zo kan tsagar fuska, na kwafi ta Nomau layi bayan layi, tunda ta gidansu ce. Ta duba ta girgiza kai. Ta ɗora yatsa a kuncin hagu na hoton ta ce ta ukun daga sama ba miƙe take ba, ta karkace wajen kunne.

"Ni ar riƙe da shi ran da wanzami yay yi mai. Yam motsa, hannuna yak kuɓuce. Ubanai yay yi ta faɗa."

Na karkatar da layin yadda ta nuna. Ta zauna a ƙasa, ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Nomau ya tashi ya fita. Ni ma sai da na kau da kai. Da ta samu magana sai ta tambaye ni ko gaskiya ne yaran makaranta duk za su gan shi. Na ce gaskiya ne, kuma ni da kaina zan kawo mata littafin.

Na koma ofis na yi mako guda ina bin hoton da tawada. Ban taɓa yin aikin da na so kamarsa ba. Na kai shi teburin Na-Ingila ranar Alhamis. Ranar Litinin na shiga karɓo kwalin, na gan shi a jingine. An bi kuncin nan biyu da farin fentin da muke rufe kuskure da shi, an shafe tsagar tas. Ko shafewar ma ba a iya ba, har gefen hancin an ci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa wannan?"

Ya zare lofe ya ce shi ne. Wai yanzu mun zama ƙasa, littafin nan Turawa za su gani a wajen baje koli, ba zai yarda a ce har yau muna yanka fuskokin 'ya'yanmu ba. Wai a Ingila soja soja ne, ba a tambayar gidansu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba soja ba ne kawai, Arzika ne. Uwarsa na jira."

Ya ce, "Uwarsa ta iya karatu?"

Ku ji fa! Kuma mai wannan magana shi kansa da bille a kuncinsa na dama, shi ya sa duk hoton da za a ɗauka a ofis sai ya juyo da hagu. Na ce zan sake wani daga littafin fensir ɗina, kwana uku kawai. Ya ce ya riga ya sa hannu, in ina son in ci gaba da zama mai zane na biyu in ɗauki kwalin in kai wa masu ƙarfe. Zan so in gaya muku na yi tsaye. Ban yi ba. Na ɗauka na kai da hannuna.

Littafin ya fito bayan damina. A shafin da aka rubuta sunan Arzika, ga wani mutum nan da kunci sumul kamar ɗan kanti a Legas. Na-Ingila ya sha yabo, har aka ƙara masa girma.

Na ɗauki hutu na kama hanyar Bagudo da kwafi ɗaya. A bakin Kwara, ina jiran kwalekwale, na buɗe shafin na ga ba zan iya miƙa mata wannan ba. Na fito da alƙalami da tawada, na ɗora littafin a gwiwa, na mayar da tsagar ɗaya bayan ɗaya, har da karkatacciyar. Na bar shi a rana ya bushe.

Inna Kulu ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, tana bin kuncin da yatsa ba tare da ta taɓa takardar ba. Ta kira maƙwabta suka gani. Sannan ta juyo gare ni.

"Ɗana, haka yake cikin littattahan duka?"

Na ce, "Haka yake, Inna."

Ta ce to alhamdu lillahi, yanzu ko ta mutu an san shi. Ta sa mini albarka, ta sa aka kama mini zabo.

Abin da na koya ke nan. A sana'armu ba mai alƙalami ke da hoto ba, mai sa hannu ke da shi, kuma sau da yawa mai sa hannun kunyar mutanensa yake ji. Irin su Na-Ingila ba su ƙare ba, za ku gamu da su, da kwat ko da babbar riga. Na raina shi, har gobe ina raina shi. Amma shi bai taɓa ganin Inna Kulu ba, bai yi mata alkawarin komai ba. Ni na yi, ni na kai kwalin, ni kuma na dubi idonta na yi mata ƙarya, na karɓi zabonta na tafi.