Ranar da Ƙanin Mijina Ya Sallami Gayya

Tun da aka fara sa kiɗan ƙanin mijina a rediyo mutane ke zuwa su zauna mini a tabarma, wai in ba su labarin farkonsa. So suke in ce tun yana goye na ga alama. Ban ga wata alama ba. Yaro na gani mai ƙwanƙwasa mini ƙorai da kara har su tsage, in murɗe masa kunne, ya yi kuka, kukan ma ya ja shi kamar waƙa.

Da aka kawo ni gidan yana ɗan yaye, uwarsu kuma ba ta daɗe ba ta rasu, don haka a hannuna ya tashi. Yaya yake ce mini, ni kuma in ce masa maigida ƙarami, yadda mace ke tsokanar ƙanin mijinta. Mu ba gidan makaɗa ba ne. Manoma ne, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtuwa, dawa da auduga muka sani. Surukina yana cikin waɗanda suka fara karɓar bishara a garin, shi ne ya saka yaron a makarantar mishan. Can wata Baturiya ta koya masa wani akwatin kiɗa da ake ratayawa a ƙirji, a ja a matsa, yana numfashi kamar zugazugin maƙera. Zugazugi muke ce masa har yau. Da za ta koma ƙasarsu sai ta bar masa shi, kuma har yanzu ban san laifin da muka yi mata ba.

Ya dawo gida da waƙoƙin sujada a rubuce, ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kan layi kamar tsuntsaye sun jeru a wayar tangaraho. Wannan bai ishe shi ba. Ya liƙe wa wani tsohon makaɗin noma na unguwar Musulmi, wanda kowa ke kira Baba, yana ɗaukar masa ganga don ya koyi taken manoma irin na dā. Ranar kai auduga Funtuwa kuma sai a neme shi a rasa. Ashe yana bayan wani otal yana sauraren faifan garmaho na kiɗan mutanen kudu mai ƙaho da jita, wanda mace da namiji ke rawa a riƙe da juna. Malamin majami'armu ya hana kowa zuwa wurin. Shi dai cewa yake bai taɓa shiga ba, da katanga yake jingina.

Burinsa shi ne ya zuba ukun nan a tukunya ɗaya: na majami'a, na Baba, da na bayan katanga. Kullum da yamma yana gindin rumbu yana gwadawa, kaji na gudu.

Na ce, “Maigida ƙarami, miyar kuka daban take, ta kuɓewa daban.”

Ya ce, “Yaya, ke ma kina haɗa su in baƙi sun yi yawa.”

Na ce, “Ina haɗawa, amma ba na kiran unguwa ta zo ta gani.”

Damunar da nake ba da labarinta ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Kurkunu ya kama maigidana a ƙafa daidai lokacin huɗa. Ƙafa ta kumbura, kullum ana naɗe zaren a tsinke kaɗan-kaɗan, ko bayan gida sai an riƙe shi. Dawa ta kai ƙugu, ciyawa na bin ta. In ba a tara mata ƙasa a gindi ba, iskar farko za ta kwantar da ita, mu shiga rani da rumbu wofi, ga yara. Ƙanin nasa a lokacin yana koyar da yara a makarantar garin, hannunsa ya saba da alli. In ya riƙe garma sai ka tausaya wa garmar. Dole muka kira gayya. Gayya kuwa sau ɗaya ake yi wa mutum a damuna, don kowa da tasa gonar na jiransa. Abin da ba a gama a ranar ba ya zama naka.

Gayya ba ta tafiya sai da makaɗi. Ganga ce ke ɗaga garma, ita ke sauke ta. Baba ya ce zai zo, amma a shekarar tari ya cinye masa murya, hannu na nan, waƙa babu. Sai maigida ƙarami ya ce shi zai zama muryar Baba da zugazuginsa. Har ya ƙara da cewa ya gano wata waƙar sujada da ta hau kan kiɗan huɗa daram, kamar an auna su tare. Na tambaye shi wacce ce. Ya ce in bari sai a gona, zan yi mamaki. Yayansa daga kwance ya ce a bar yaro ya gwada. Na ce to, ƙafarka ce, gonarka ce.

Da sassafe maza suka hallara, namu na majami'a da maƙwabtanmu Musulmi, suka ja layi a gauraye yadda aka saba. Har Malamin majami'a ya zo da garmarsa, dogon mutum mai son a ga bai fi ƙarfin aiki ba. Aka ɗoro maigida a jaki aka shimfiɗe shi gindin ɗorawa, kusa da tukwanena. A wajenmu fura ake sha a tsaye da hantsi a koma aiki. Tuwo kuwa sallama ne. Wanda ya ci tuwon gayya ya gama na ranar, ba mai ikon ce masa ya sake sunkuyawa.

Gaskiya zan faɗa, farko abin ya yi kyau. Baba yana gaba yana ja da baya da ganga, yaron yana gefensa, zugazugi na fitar da taken kowane manomi ba tare da baki ba. Kowa ya ji nasa sai ya ɗaga garma ya yi ihu ya ƙara wuta. Mata na guɗa daga bakin gona. Ni ban yi ba, ina lura da wuta, amma na ji daɗi. Kafin rana ta kai tsaka an wuce rabin gona, kunyoyi a miƙe kamar an ja zare.

Nan ne ya waiwayo ya dube ni, ya ɗaga gira, ya sako sabon abin nasa.

Waƙar da muke rufe sujada da ita ce kowace Lahadi. Ya ƙara mata sauri, ya yi mata ado, amma abin da kake ji kowane mako ba ado da zai ɓoye maka shi. A majami'a in aka fara ta, kowa zai miƙe, maza su cire hula, a rufe ido. Ni kaina ina tsugune gaban murhu sai na ji gwiwoyina suna neman tashi.

Malam ne ya fara. Ya miƙe tsaye, ya cire malafa, ya sunkuyar da kai. Na kusa da shi ya bi. Kafin in ajiye muciya duk mazan majami'a suna tsaye a cikin dawa, ido a rufe, garma a jingine da ƙafa. Musulmi suka ci gaba da sara kaɗan, layi ya zama kamar bakin tsohuwa, nan haƙori can giɓi. Da suka ga maƙwabtansu na addu'a sai su ma suka dakata don girmamawa. Na ji wani yana tambayar na gefensa a hankali ko rasuwa aka yi.

Shi kuwa mai kiɗan bai ga komai ba, don shi ma in yana kiɗa rufe ido yake. Ya bi waƙar har ƙarshe, kuma shi ba ya iya barin waƙa ba jela, sai da ya ja doguwar amin ɗin nan da ake ƙarewa da ita. Maza suka ce amin. Kowa ya juya ya ba na kusa da shi hannu, yadda ake yi a ƙofar majami'a, ya saɓa garma, suka nufo ɗorawa. Musulmi suka ɗauka haka Kirista ke sallamar gayya, suka biyo baya. Baba ya zauna a kan kunya ya rungume ganga, kafaɗunsa na rawa, yana dariyar da ba ta da sauti.

Na tashi na tsaya gaban tukunyar tuwo da muciya a hannu.

Malam ya iso yana share gumi. Ya ce, “Uwargida, sannu da aiki. A ba mu ruwan wanke hannu.”

Na ce, “Malam, wa ya sallame ku?”

Ya ce, “Ai an rufe.”

Na ce, “Abin da ke rufe a gonar nan tukunyata ce kaɗai.”

Ya juya ya dubi gona, ya ga ɓangaren rafi ko taɓa shi ba a yi ba, ya dubi malafar da ke hannunsa. Sai a lokacin ya gane. Wani dattijo cikin maƙwabta ya ce, “Mu dai mun ga kun shafa, muka ce addinin mutane ne, ba a musu.” Aka fashe da dariya. Dariyar ce ta fi ba ni tsoro, don wasu sun riga sun zauna, sun miƙe ƙafa, jiki ya fara sanyi, hanci ya ji ƙamshin daddawa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Maigida yana kwance ya kau da kai.

Yaron ya ƙaraso, zugazugi na lilo a ƙirjinsa.

Ya ce, “Yaya, ni dacewar kiɗan kawai na duba.”

Na ce, “Ya dace ƙwarai, ga su nan duk sun taso. Kai ka sallame su, kai za ka mayar da su. In dawar nan ta kwanta, zugazugin nan za mu jiƙa mu dafa da bazara.”

Ya dubi mutanen da ke zaune. Can ya je ya durƙusa gaban Baba ya raɗa masa magana, ya ƙwanƙwasa masa wani abu a gwiwa da yatsa. Baba ya gyaɗa kai ya miƙe.

Waƙar baiko ya fara, wato ta ba da sadaka a majami'a, wadda ake yi ranar godiyar kaka, inda mutane ke fitowa layi-layi suna takawa su kai damin dawa gaban majami'a. Ita ma ba a jin ta a zaune. Mazanmu suka miƙe kafin su yi shawara da kansu. Da ya ga sun tashi sai ya zura mata kiɗan bayan katangar Funtuwa a ƙarƙashi, Baba kuma ya nemo wa gangar huɗa wuri a tsakani ya zauna. Samari na kowane ɓangare suka zabura. Makaɗan suka juya suka nufi ɓangaren rafi, layi ya bi su yana rausaya, garma ta koma ƙasa.

Ni kuwa na samu abin kallo. Kiɗan Funtuwan nan yana da wani wuri da yake karyawa ya juya, wanda bai taɓa jinsa ba sai ya yi tuntuɓe. Na tsaya na lura da waɗanda ba su yi tuntuɓe ba. Samari ban yi mamakinsu ba. Amma akwai dattijon da ke riƙe mana ƙwaryar baiko a majami'a, ya juya daidai wurin har da karkata ƙugu. Akwai wani mai gemu daga unguwar Musulmi da ba ya ɗaga ido ya dubi mace. Malam dai ya yi tuntuɓe, na shaide shi, ko da yake a zagaye na biyu ya koya da saurin da bai kamata ba.

Sai na ji wani abu a bayana. Maigida ne, da ƙafarsa a kan dutse, yana bin kiɗan da hanci, har yana riga zugazugi isa wurin juyawar.

Na ce, “Ina ka san wannan?”

Ya ce, “Iska ce ke kawo shi har wajen awon auduga.”

Na ce, “Lallai iskar Funtuwa da ƙarfi take.”

Ya rufe ido ya ce ƙafar ta motsa masa.

Wannan kiɗan na biyu shi ne wanda yaron ya tafi da shi Kaduna daga baya, aka ƙara masa ƙaho da goge da muryoyin mata da maza, aka raɗa masa wani dogon suna. Masu ilimin abin suna cewa ya haɗa tsoho da sabo da dabara mai zurfi. Ni dai na san a tsorace ya haɗa shi, yana satar kallon muciyata.

Ana gab da la'asar yayyafi ya fara. An gama komai sai wani siririn yanki a bakin rafi. Na dubi maigida, ya ɗaga hannu, na buɗe tuwo. Aka ci a tsaitsaye a gindin ɗorawa, ruwa na ɗiga cikin miya, ana ta ba juna hannu ana cewa amin don tsokana. Yaron ya cire rigarsa ya lulluɓe zugazugi, ya zauna can gefe. Na zuba masa nasa da kaina, har da tsoka.

Bayan kwana biyu, tun da sanyin safiya na tashe shi na miƙa masa garmar yayansa. Ya ce yana da makaranta. Na ce yau Asabar. Muka tafi bakin rafi, ina zaune a kan kututture ina tsinke zogale, shi yana huɗa. Ya wuni a kan abin da manomi zai gama kafin hantsi, kunyoyinsa sun karkace kamar sawun maciji, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ranar Lahadi bai iya riƙe zugazugi ba, da baki muka yi waƙa.

Iska ta zo bayan 'yan kwanaki, irin wadda nake tsoro. Da ta wuce na je na zagaya gonar. Dawa na tsaye ko'ina, kuma a shekarar ba mu auni hatsi a kasuwa ba. Yankin bakin rafi ne kawai ya kwanta, shi muka yanka wa jaki.