Ghada, wadda ta tambayi Tevita yaren gidansu

Ranar Talata, huɗu ga Maris, ina wanke hannu zan shiga ɗakin tiyata aka gaya mini Allah ya yi wa Ghada Tabba rasuwa, bayan jinyar wata bakwai. Na shiga na yi aikina, don marar lafiya ya riga ya kwanta.

Ghada, shekara goma sha tara kina tace mini hoton ƙwaƙwalwa kafin in sa wuƙa. Numfashin mutum, bugun zuciyarsa, har haɗiyar yawu, duk suna dagula hoton. Ke ce mai zama ki tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har wurin da ke sarrafa magana a ƙwaƙwalwa ya fito sarai, in san inda zan kauce wa. Ni mai gaggawa ne, ke kuwa ba a sa ki sauri. Mun sha faɗa.

Ban manta Tevita Fonua ba, direban bas ɗan ƙasar Tonga, mai ƙari a gefen hagu na ƙwaƙwalwa. An gwada maganarsa da Turanci yana cikin na'urar ɗaukar hoto, hoton ya nuna hanya a buɗe take. Na sa ranar aiki. Sai kika ce akwai ɗan haske da ba ki yarda dagulewar hoto ce kawai ba, kika je kika tambaye shi yaren da yake yi da mahaifiyarsa. Na ce ba ni da wata ranar. Kika ce, "Malam sarkin sauri, wuƙarka ba za ta yi tsatsa kafin Litinin ba."

Aka sake gwajin da yaren Tonga. Daidai inda na yi niyyar yankawa, nan ne ya haska. Na canza hanya, kuma ban taɓa ce miki na gode ba.

Yanzu na gaji, Ghada. Na'ura ce ke tace hotuna, suna zuwa tsaf cikin minti kaɗan, ba wanda ke tsayar da ni, kuma tsoro nake ji.

Ranar jana'izarki Tevita ya zo maƙabarta sanye da kayan aikinsa, ya tsaya gefe har aka gama. Sannan ya kama hannun mijinki Walid, ya daɗe yana yi masa magana da yaren Tonga. Ba wanda ya fahimci ko kalma ɗaya, ba kuma wanda ya katse shi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yafe kurakuranki. Walid, da ku 'ya'yanta Rima da Bilal, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a.