Ƙofar Zenon Ta Tuba

Shekara ashirin Zenon yana aiki a wurin wankin mota na garinmu Suwałki. Bai taɓa kurɓar barasa ba, amma kullum warinta yake. Ƙofar wurin, mai naɗe kanta sama, ita ce mashayiyar. In ƙanƙara ta riƙe ta, sai ya tsiyaya mata kwalba guda sannan take motsi.

Likitanmu, sarkin iyayi, ya shinshine shi, ya ce, "Kada ka ƙara taɓa kwalba!"

Zenon ya bi umarni. Ran Asabar likita ya kawo motarsa wanki, ƙofa ta sauko ta daskare yana ciki.

"Zenon, buɗe mini!"

"Sai haƙuri, likita. Yau kwananta uku da tuba."