Uku Ƙanana, Ɗaya Babba

Duk wanda ya yi sakandare a Jibiya ya san Malam Dalhatu mai kemistiri, ya kuma san ƙwaryar wakensa. Ta hannunsa na bi, yanzu kuma tare muke koyarwa, har gobe shi na fi so cikin malamai.

In aka zo darasin aisotof, sai ya zube wake a tebur, ƙanana irin namu da manya na Nijar. Ya ce duka wake ne, nauyi kawai ya raba su. Haka ƙwayoyin zarrar sinadarin kulorin suke: cikin kowane huɗu, uku nauyinsu talatin da biyar, ɗaya talatin da bakwai. Da yake ƙananan sun fi yawa, sai matsakaicin nauyin ya karkata wajensu, ya tsaya a talatin da biyar da rabi.

Matarsa Talatu 'yar Maraɗi ce, danginta ke aiko da manyan ta bakin iyakar Magama. Tana amarya ta tarar da ƙwaryar a ɗaki, ta surfa waken ta yi alale. Malam ya ci har da santi, sai da safe ya gane darasinsa ya cinye.

"To wa ya ce ka aje karatu cikin ƙwarya?" in ji ta.

Tun daga nan ta karɓi aikin. Duk shekara ita ke ware masa, uku ƙanana ɗaya babba, tana masa tsiya wai na garinsu sun fi auki.

Bara da damina Allah ya yi mata rasuwa. Da lokacin darasin ya zo, Malam ya yi ta ɗaga shi, ga jarrabawa na matsowa. Ya ce mini ba zai iya taɓa ƙwaryar ba. Na tausaya masa ƙwarai.

Ran nan sai ga shi ya shiga aji da ƙwaryar. Na laɓe ta taga. Waken da Talatu ta ware da hannunta ne, har ƙwari sun fara huda shi.

Wata ɗaliba, Hauwa'u, ta ce, "Malam, wanne ne mai talatin da biyar da rabin?"

"Babu shi, ɗiyata. Sai suna tare ake samun wanga nauyi."

Yana kwashewa, babba ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci. Malam, da furfurarsa, ya durƙusa yana lalube. Bai yarda kowa ya taya shi ba, bai kuma tashi ba sai da ya samo shi.