Baƙon da Ya Zo Neman Ƙona-hannu

Har yau idan aka yi ruwan sama, warin fetur ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in gan ni a tsakar gidan kakannina na wajen uwa, a Jibiya. Kai da ba ka tashi a bakin boda ba, wataƙila ka ce mene ne haɗin fetur da damina. A wurinmu tare suke tafiya, domin da fetur kawuna yake ciyar da gidan nan. Yakan ɗaure jarkoki a babur ya bi ta daji, ya sauke su a ɓangaren Maraɗi, ya dawo ƙafafunsa duk taɓo. Kowa ya san sana'ar, amma ba mai kiran sunanta. Mu yara an koya mana, duk wanda ya tambayi kawu, mu ce ya tafi gona.

Akwai wani kwazazzabo a hanyar Farfaru inda shi da abokansa suke ajiye jarkokin, su lulluɓe su da ƙaya har hanya ta yi kyau. Can ƙasa, inda ruwa yake tsattsafowa daga gindin dutse, wata ciyawa takan fito da damina. Bakin ganyenta kamar haƙoran zarto, jikinta duk siririn farin gashi. Ka kuskura ka taɓa ta, sai ka ji kamar ka dafa garwashi, fatarka ta yini rudu-rudu. Ƙona-hannu muke ce mata. Ko awaki kauce mata suke yi. Kakata ce kaɗai take nemanta: takan naɗe hannu da tsumma, ta riƙa bugun gwiwoyinta da ita idan sanyin ƙashi ya motsa, tana cije leɓe tana salati.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, mai unguwa ya rako mana baƙo. Dogo ne, Hausarsa ta Kano, ya ce shi malamin tsirrai ne a wata jami'a. Ya ce a kasuwa ya ga busasshen reshen ciyawar a tabarmar mai magani, aka gaya masa tsohuwar gidanmu ta san inda take fitowa. Kayansa jaka ɗaya ce, da alluna biyu na katako da aka ɗaure tsofaffin jaridu a tsakaninsu, sai wata 'yar na'ura kamar ƙaramin rediyo, wadda ba ta magana. Kakana mutum ne mai son baƙi. Tun kafin a leƙa cikin gida a yi shawara, ya sa an share zaure, ya kuma yi alkawari a gaban mai unguwa cewa gobe za a kai shi.

Da maganar ta iso cikin gida, kakata ta ajiye muciyar da take tuƙi da ita.

"Mutum ya baro garinai ya zo biɗar abin da ko akuya ba ta ci?" ta ce. "Wanga ba ganye ya kawo shi ba."

Kawu ya shiga ya fita, ya rasa inda zai sa kansa. A makon nan ma'aikatan boda sun tsananta sintiri, ba halin kwashe jarkokin. A hana baƙon zuwa kuma, daidai yake da a ce masa akwai abin da ake ɓoyewa. Sai kawu ya je ya ƙara ƙaya, aka bar wa Allah sauran.

Washegari da hantsi muka tafi mu uku, ni da kakata da baƙon. Gwiwoyin kakata ba za su iya gangaren ba, sai ta zauna a bakin kwazazzabon, ta jawo ni ta raɗa min: "Ke za ki sauka da shi. Kar ki dubi hannunai, dubi idonai."

Na sauka, yana biye da ni. Da ya hango ciyawar, ya durƙusa cikin laka ba ruwansa da wandonsa. Ta ƙone shi a wuyan hannu, ya yi dariya kamar an ba shi kyauta. Ya ciro ɗan gilashi ya daɗe yana leƙen ƙananan furanninta, yana magana shi kaɗai. Ya tumɓuke guda-guda har da saiwa, ya shimfiɗa su cikin jaridun, ya danna na'urarsa. Har na fara sakin jiki, sai iska ta juyo ta kawo warin fetur. Ya ɗago kai. Ya dubi tarin ƙayar, inda kusurwar wata rawayar jarka ta leƙo. Ya dube ni. Sai ya mayar da kansa ga ganyen. Amma kafin mu hau, na ga ya sake danna na'urar.

Abin da na gani shi na gaya wa kakata, ban ƙara ba, ban rage ba.

Bayan la'asar, kakana yana masallaci, kawu da abokansa suka shiga zauren suka tsare ƙofa. Ina leƙe ta bayan asabari. Suka zazzage jakar, ba su ga komai ba sai tufafi da man shafawa. Baƙon ya ce na'urar tana riƙe masa wurin da tsiro ya fito ne, don kada ya ɓace masa. Wani direba ɗan Maraɗi da yake cikinsu ya karɓe ta ya jujjuya.

"Wallahi irinta na gani hannun 'yan duwan," ya ce, wato masu kama kaya na ɓangarensu.

Kawu ya aza ta a dokin ƙofa ya sa dutse ya ragargaza ta. Baƙon bai hana shi ba. Amma da wani ya sungumi allunan zai kai su murhu, sai ga wannan mutum mai sanyin murya ya daka tsalle ya rungume su, yana ihu su ɗauki komai su bar masa wannan. Suna cikin ja-in-ja kakana ya shigo. Ya daka musu tsawa.

"A zaurena? Ina raye?"

Suka fice ɗaya bayan ɗaya. Washegari baƙon ya yi sallama da ladabi, ya hau motar Katsina, allunan a kan cinyarsa, hannuwansa a kumbure.

Ba a kai ga girbi ba ma'aikatan boda suka yi wa kwazazzabon dirar mikiya. Aka kwashe jarkokin, aka haɗa da babur ɗin kawu. Shekarar nan mun sha wuya. Kawu ya koma dako a tasha, tuwon dare ya zama na rabawa da ido. Mutanen unguwa suka ce aikin baƙon ne. Kakana ya ce ina ya samu hanyar nuna wurin, alhali an fasa masa na'ura? Kakata ta ce ai ba a fasa masa ido ba. Wasu kuma suka riƙa raɗa cewa wani maƙwabcinmu ne, wanda suka yi cacar baki da kawu a kan iyakar gona. Tsofaffin nan biyu har suka koma ga Allah ba wanda ya janye maganarsa, kuma ba a sake sauke baƙon da ba a san asalinsa ba a gidan.

Bara ɗana da yake karatu a jami'a ya turo min hoto a waya. Ƙona-hannu ce, da haƙoranta da gashinta. Ya ce masana sun tabbatar sabon jinsi ce a dangin tsirrai masu ƙaiƙayi, ba a taɓa rubuta ta a ko'ina ba, an raɗa mata dogon suna da harshena ya kasa juyawa. A gefe ga wani dattijo da farin gemu. Na gane shi, baƙon nan ne. Ashe duk shekarun nan yana ta kwatanta ganyen da ya rungume da ire-irensa na wasu ƙasashe.

Na kai wa kawu, wanda yanzu ya tsufa yana sayar da goro a ƙofar gida. Na zaci zai yi shiru, ko ya yi istigfari. Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min.

"To, sai mi? Ɗan leƙen asiri ma yana iya son ganye."

Sai na ce ko za a samu wanda zai je ya dubo mana ko ciyawar tana nan. Ya dube ni kamar na zautu. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin, manoma ma sun bar gonakin wajen. Yau wanda ya tsaya a kasuwa ya tambayi hanyar kwazazzabon nan, ba zai kai azahar ba a ce infoma ne, kuma ba wani dattijo da zai iya tsawatarwa a sake shi. A da baƙo muke zargi. Yanzu har wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci sai mun auna abin da za mu faɗa a gabansa. Mutanen da ba su taɓa taka Jibiya ba sun san sunan ƙona-hannu, mu kuwa da muke maƙwabtaka da ita, ba mu san ko ta fito bana ba.