Tsiren da Ba a Sa wa Yaji Ba

Duk wanda ya saba da tashar Dogon Dutsi ya san Lubabatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar matar nan mai farar rigar aiki a ƙarƙashin hijabi, wadda take zuwa daga Kieshe ranar kasuwa ta bi motocin kudu ɗaya bayan ɗaya tana magana da direbobi. Wasu suna cewa ta zautu. Ƙarya suke yi, ta fi su hankali, kuma a hannunta aka haifi rabin yaran Kieshe. Abin da yake kawo ta tasha a Kotonu ya samo asali.

Ɗanta na fari Auwal aka sa masa. Lubabatu kuwa mace ce mai kunya irin ta da, don haka ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba. A ƙuryar ɗaki take ba shi nono, da ta ji motsin mutum sai ta ture shi ta hau wani aiki. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya gitta ta tsakar gida, iyakarta "kai" ko "yaron can". Mata suka yi ta yabonta, ana kafa misali da ita ga sabbin amare, ita ma tana jin daɗin yabon. Ƙannensa mata kuwa ta goya su, ta kira su da suna har da na wasa.

Shekarar da mahaifinsa ya rasu gero bai yi ba, sai Auwal ya bi samari cin rani Kotonu. Da farko yana kiran kakarsa a salula, ya ƙare da cewa a gaida mutanen gida. Lubabatu takan tsaya bayan danga da tsintsiya a hannu tana sauraro, ba ta taɓa karɓar wayar ba. Da tsohuwa ta rasu sai kira ya ɗauke. Daga baya lambar ma ta daina shiga.

Ta daɗe tana taimakon ungozoma a likitar Kieshe, ƙaramin asibitin garin, kafin a tura ta lakwal, makarantar ungozoma, a Doso ta samu takardar aikin da hannunta ya riga ya iya. 'Yan ajinsu duk sa'o'in 'ya'yanta ne, Tanti suke ce mata. Ranar da mushe, malaminsu, ya sanar cewa za a kai su Kotonu su ga yadda manyan gidajen haihuwa suke aiki, tun kafin a rufe gadar Gaya ke nan, aji ya kaure da ihu. Lubabatu ba ta yi ihu ba, amma alƙalami ya suɓuce daga hannunta. Ba ta gaya wa kowa abin da take ƙullawa ba. A tunaninta Kotonu kamar Dutsi ne da ɗan ƙari, ka tambayi mutum biyu na uku ya nuna maka gida.

Da safe suna zagaya likitoci, da rana kuma yawon buɗe ido. An kai su ƙauyen da aka gina bisa ruwa, an kai su Wida inda 'yan mata suka rataya macizai a wuya suna tsala ihu ana ɗaukar su hoto. Aikin Tanti ya fito da wuri: "Tanti, riƙe mini jaka," "Tanti, ɗauke mu." Ba don mugunta ba, yara ne. Amma in ka duba hotunan tafiyar nan kaf ba za ka gan ta ba, sai dai inuwarta a kan yashi. Ita ma ba macizai take kallo ba. Fuskokin 'yan kabu-kabu take bi, da masu tallar tabarau, da masu tura kura a kasuwar Dantokpa.

Cin abinci ya fi komai yi mata nauyi. Kowa da farantinsa da cokalinsa, babu mai ce wa wani bismilla, matar da tun tasowarta ba ta taɓa sa hannu a kwano ita kaɗai ba. Bayan isha'i sai 'yan aji su caɓa ado su tafi gidan rawa, su bar mata makullan ɗakuna. Da safe a kan shayi su yi ta labari da Faransanci suna shewa, tana murmushi a inda ta ga ana dariya. Kaɗaici ya ishe ta a tsakiyar mutum talatin.

Rana ta biyu da la'asar suka sauka wani gidan abinci a bakin teku. Ana jiran kifi sai iska ta kawo mata ƙamshin tsire, tare da Hausar da ba a yin ta sai a Arewa, yankin su Lubabatu. Ta tashi ta bi hayaƙin. Wani dattijo ne a gaban tukuba, bayansa an kare da langalanga, ana jin sarar wuƙa daga ciki. Suka gaisa, ya ce sunansa Munkaila, mutumin Kore Mairuwa. Ta ji kamar ta shiga gida.

"Wani yaro nike nema," in ji ta. "Na Kieshe. Ya daɗe nan."

"Yaran Kieshe da yawa su ke, Hajiya. Mi sunanai?"

Sunan ya zo har bakin harshenta. Ta dubi mutumin, dattijo ne, ɗan gida ne, wanda ya san abin da ya dace. Yaya za ta buɗe baki a gabansa ta kama sunan ɗan fari kamar wata marar tarbiyya?

"Dogo na, baƙi, da wushirya."

Munkaila ya yi dariya. "To ai Arewa duka kenan kinka lissafa. Ɗanki na?"

"A'a," ta ce da sauri, tana gyara hijabi. "Ɗan maƙwabta na. Cewa ankai in na zo in tambaya."

Sarar wuƙar nan ta bayan langalanga ta tsaya. Ta ji tsayawar, ba ta kawo komai a ranta ba. Munkaila ya ce ta tuno sunan ta dawo. Ta koma teburinsu. Can sai ga shi da kansa da ƙunshin takarda, ya ajiye a gabanta ya ce gaisuwar 'yan gida ce. Hanta ce zalla, ta gasu lugub, babu ko ɗigon yaji. Ta yi mamaki, don shekara da shekaru ciwon ciki ya hana ta yaji, amma ta ce dace ne. Afra'u, yarinyar da suke ɗaki ɗaya, ta kai hannu, suka ci tare. Shi ne abinci na farko da ya zauna mata a garin.

Sauran kwanakin ta bi Zango, unguwar Hausawa, lungu-lungu duk sanda ta samu suɓucewa, da kwatancen dogo, baƙi, mai wushirya. Aka nuna mata mutum huɗu, babu shi. Ranar komawa da hantsi, ana ɗaure kaya a saman kar, babbar motar da ta kawo su, ta ga cewa in ta shiga motar nan shi ke nan. Ta danƙa wa Afra'u jakarta, karon farko da wani ya riƙe mata kaya, ta hau kabu-kabu zuwa bakin teku.

Munkaila yana hura wuta. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Auwal," ta ce. Muryarta ta fita kamar ta wata. "Auwal sunanai. Ɗana na. Ni na haihe shi."

Dattijon ya ajiye mafici a hankali.

"Inna lillahi. Hajiya, ai shi na ke yanka min nama bayan langalangar ga. Ranar da kinka zo yana ciki. Shi yaz zaɓi hantar nan da hannunai, yac ce kar in sa yaji, matar ba ta ci. Nic ce ka san ta? Yac ce maƙwabciyarsu ta."

"Ina shi ke?"

"Wanshekare yat tattara kayanai. Wasu sun ce Lome, wasu sun ce Abijan. Ko lamba bai bar min ba."

Ta zagaya bayan langalangar. Katako ne da wuƙa da wani benci da zama ya goge. Akwai rami a jikin langalangar daidai idon mutumin da ke zaune. Ta sunkuya ta leƙa, sai ga teburin da suka ci abinci, tsaf, har kujerar da ta zauna. Nan ta zauna a bencin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ya bar gida, har Afra'u ta kira ta a waya ta ce ita kaɗai ake jira.

Ta samu takardarta, ta koma Kieshe, tana karɓar haihuwa kamar da. Matan da suka yabe ta a da su ne yanzu suke cewa zuwa birni ya cire mata kunya, ita kuwa ko a jikinta. Ranar kasuwa takan bi motocin kudu, ta tsaya a tagar kowane direba. Ba ta kwatance kuma, ba dogo ba baƙi.

"In ka gamu da Auwal na Kieshe, ka ce uwatai na kira nai. Auwal. Ka riƙe sunan?"

Sai ta sake faɗa masa, ko da ya ce ya riƙe.